Lambar Ɓarawo a Shafin Cigiyar Shanu

Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kuka shigo shagon nan nake jin hirarku, wai kun kalli bidiyo, cikin awa biyu mutum zai iya haɗa shafin yanar gizo. Ban musa muku ba. Ni ma yau in kun ba ni awa biyu da wuta da netuwok mai kyau, zan haɗa muku shafi har da hotonku yana juyawa a kai. Amma aikin yana farawa ne ranar da kuka miƙa wa mai shi, mutanen da ba ku taɓa gani ba suka fara shiga suna rubutu a ciki.

Sunana Haliru, amma a Bagudo ko Lolo in kun tambayi Haliru za a ce muku wanne, sai kun ce Haliru Tafireta. Da tafireta na fara, a gindin dalbejiya kusa da tasha, ina buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Da kwamfuta ta shigo gari na ga layin da ke gabana yana raguwa kullum, sai na rufe tafiretar cikin akwatinta na tafi Birnin Kebbi koyo, ina da mata da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa a gemuna. Wadda ta koya mini wata 'yar Zuru ce mai shagon kwamfuta, Anti Saraya. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma Anti nake ce mata kamar kowa, ita kuma ta ce mini Baba.

Aikin farko da ta ba ni, bayan wata huɗu ina koyo, shafin gwaji ne na makaranta, da akwati inda iyaye za su rubuta sunansu da saƙo. Kwana uku na yi a kansa. Na zaɓi kala, na jera rubutu tsaf kamar yadda nake jera layi a tafireta. Ta zo da kofin shayinta ta ja kujera, ko kallon kalar ba ta yi ba. Ta shiga akwatin saƙo ta buga wani abu gajere, ta aika, ta ce in buɗe shafin. Ina buɗewa sai ga wani ɗan allo ya faɗo a tsakiyar gilashin, an rubuta: "Baba ya bar ƙofa buɗe." Na rufe na sake buɗewa, ya sake fitowa. Sauran ɗaliban suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Anti, wallahi ba ni na rubuta wannan ba."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ni na rubuta. Amma a shafinka yake, kuma da sunanka zai shiga gari."

Ga abin da ta koya mini ranar, kuma in kun riƙe shi kun riƙe rabin sana'ar. Burauza, wato manhajar da kuke buɗe shafi da ita a waya, ba ta da wayo. Duk abin da shafi ya miƙo mata, ɗauka take daga mai shafin ya fito. In rubutu ne ta nuna maka, in umarni ne ta aikata. Irin wannan umarnin shi muke kira sikirif. To idan ka yi akwati ka ce jama'a su rubuta saƙo, ba ka sa matata ba, wani zai rubuta umarni a maimakon saƙo. Shafinka zai karɓa ya adana, sannan ya riƙa miƙa wa duk wanda ya buɗe, kamar kai ka aiko shi. Anti wasa ta yi mini da ɗan allo. Wani kuwa zai sa a kwashi mutum a kai shi wani shafin daban, ko a sace shaidar shigar mai kula da shafi, ko a canza abin da ido yake gani. Maganin bai da ado ko kaɗan. Akwatin lamba ya karɓi lamba kawai. Abin da baƙo ya rubuta a tace shi kafin a adana. Sannan lokacin nunawa, alamomin nan masu kama da bakin kibiya da ake buɗe umarni da su, a mayar da su rubutu zalla, yadda burauza za ta nuna su kawai ba ta yi musu biyayya ba.

Kowane shafi na yi sai ta zo da shayinta ta kunyata ni. Har ranar da ta yi rabin awa tana bugawa, duk abin da ta aika sai ya fito mata a fili yadda ta rubuta shi, bai aikata komai ba. Ta ture kujera ta ce, "Tashi ka koma garinku, Baba, ka gaishe da mutanen gida."

Na dawo Bagudo ina ganin na gama. Abin da ban sa a kai ba shi ne fulagin. Yawancin shafukan da muke yi ba daga tushe muke rubuta su ba. Akwai ginin da aka riga aka yi, kai kuma ka riƙa liƙa masa ƙarin kaya: wannan na jera hotuna, wancan na karɓar saƙo, wani na juya rubutu zuwa Faransanci saboda mutanen ƙetaren iyaka. Su ne fulagin. Kowannensu wani mutum ne ya rubuta shi a wata ƙasa, ba ka san shi ba, bai san da kai ba. Wani yana kula da nasa, in an gano ɓaraka ya fitar da gyara. Wani ya rubuta ya yi gaba, ya sami wani aikin, ko ma ya rasu. Kai ka tace akwatunanka, shi ya bar nasa a wangale, kuma a cikin shafinka yake zaune.

Alhaji Garba na Kende mai injin casar shinkafa shi ya fara koya mini haka. Na yi masa shafi mai kyau, buhuna a jere, lambar waya manya. Ya zo da wayarsa ya nuna mini wani shafin Turawa da ƙanƙara ke zuba a kai.

Ya ce, "Malam Haliru, wagga ƙanƙara nika so. Ta riƙa zuba bisa buhunnan."

Na ce, "Alhaji, ƙanƙara a Kende?"

Ya ce, "Ina ruwanka? Sa mani."

Na nemo fulagin na ƙanƙara na sa. Ya ce a ƙara agogo mai juyawa, na ƙara. Ya ce a ƙara kiɗa, nan na ce limamin unguwarsu ma yana buɗe shafin, ya haƙura. Bayan wasu watanni sai ga Alhaji a kan babur, bai kashe shi ba, bai yi sallama ba, yana ɗaga waya sama yana cewa, "Surukina ya buɗe! Malam Haliru, surukina!" Na karɓi wayar na taɓa shafin shinkafa, nan take ya jefa ni shafin masu tallar maganin maza, da hotunan da ba zan kwatanta muku ba. Mai fulagin na ƙanƙara ya daɗe da watsar da kayansa, wasu suka gano ɓarakar suka bi duk shafukan da ke ɗauke da shi. Yini guda na yi ina sharewa. Har yau in na taɓa shafin Alhaji sai ya tambaye ni, "Nawa ka liƙa mani wanga karo?" In na ce huɗu ya ce, "Ba a iya uku?" Kuma ya fi yawancin 'yan sana'a gaskiya. Duk fulagin da ba ka buƙata, cire shi. Kashe shi kawai bai isa ba.

Kayan aikina kuna ganinsu. Wannan laftof ɗin batirinsa ya mutu tuni, da sola yake rayuwa. Layi biyu nake riƙewa, don in ka matsa wajen Lolo wayar takan manta da Najeriya ta kama netuwok ɗin Benin. Filashi uku na adana fayil ne cikin gwangwanin madarar can, kowane shafi da kwafinsa, don in an lalata a sami abin mayarwa. Ga littafin makaranta mai layi-layi, kowane shafi da sunayen fulagin da ke cikinsa da ranar da na sabunta su. Wannan littafin, akwai shekarar da na yi sakaci da shi, ita ce zan ba ku labari.

Wata safiya Ardo Buba ya shigo nan da sandarsa, shi ne shugaban ƙungiyar makiyayan yankinmu. Tare da shi akwai sakataren ƙungiyar, Jibo, mutum mai shiru-shiru da ke jin Fulatanci da Hausa da Faransanci. Damuwarsu ɓatan dabbobi. Lokacin ƙetare kogin Kwara, ko ranar kasuwa, ko in ruwa ya cika fadama garke ya watse, saniya takan ɓalle ta faɗa gonar wani a wannan gefen iyaka ko wancan. A da, mai shela ake ba cigiya ranar kasuwar Lolo, to sai an jira mako guda. Saƙon murya a waya kuma kafin yamma wasu saƙonnin sun binne shi. Jibo ya ce a yi shafi guda: wanda dabbarsa ta ɓace ya sa hotonta da alamominta da lambar waya, wanda ya tsinta ya duba ya kira.

Na sami fulagin na sanarwa mai kyau, yana ɗaukar hoto, yana yin Faransanci. Na gwada akwatin suna, na gwada akwatin lamba, duk lafiya. Saura babban akwatin da ake rubuta alamomin dabba. Ardo yana so a sanar a kasuwa mai zuwa, ni kuma na ce a raina ai wanda ya tace akwati biyu ba zai bar na uku ba. Ban gwada ba.

Shekara biyu shafin yana aiki kamar me. Bijimin da ya ɓace a Tsamiya aka same shi can cikin Benin kafin kwana uku. Manoma ma suka so abin, don maimakon mutum ya yi ta ciyar da saniyar da bai san mai ita ba, sai ya duba ya kira, a zo a daidaita kan ɓarnar gona a rabu lafiya. Gidana nono bai yanke ba, man shanu kuwa har maƙwabta.

A shekara ta uku, bayan damina, magana ta fara canzawa. Wani manomi ya ce ya tsinci karsana, ya kira lambar da ke shafi, mai ita ya zo da mota ya ɗauka har ya ba shi tukuici. Mai karsanar na gaskiya kuwa ya rantse ba wanda ya kira shi. Aka ce kuskure ne. Aka sake yi, aka kuma sake. Ardo ya kira ni gaban dattawa, na buɗe laftof, lokacin batirinsa na da rai, na bi sanarwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambar mai ita daidai. Na canza kalmar sirri. Na shiga ma'ajiyar shafin inda ainihin lambobin suke, ba a taɓa ko ɗaya ba. Na tashi na ce wa jama'a shafina lafiya lau yake.

To mu biyu ne ke da kalmar sirri, ni da Jibo. Tun da na wanke shafin, sai zargi ya sauka kansa. Aka ce shi yake canza lamba, in an ɗauki dabba ya mayar. Aka karɓe hatimin ƙungiya daga hannunsa. Mutumin da kowace kasuwa yake zaune gefen Ardo a kara, wato wajen cinikin shanu, ya daina fitowa kwata-kwata. Ni ma ban tsira ba. Makarantar da nake kula wa da shafi ta ce in dakata. Wani mai sayar da albasa na Lolo ya ce a sauke nasa. In na shiga kasuwa sai hira ta tsaya. Na koma hoton fasfo da katin biki, su suka riƙe gidan wata biyar.

Ana cikin haka saniyar Goggo Dije ta ɓace. Goggo Dije yayar Ardo ce, tsohuwa 'yar firit mai kaifin baki, duk ruga Goggo ake ce mata. Saniyar sunanta Saige, ja da fari, ƙahon hagu a karye, kuma ita ta rage daga jinin saniyar da uwar Goggo ta ba ta. A lokacin mutane sun fara gudun shafin, Ardo ya ce kada a sa. Ta ce a sa, in ɓarayi na karantawa ai mutanen kirki ma na karantawa. Ba ta da waya, sai aka sa lambar Ardo. Da hannuna na shigar.

Ranar kasuwar Lolo ina zaune a rumfar Ardo a kara, laftof a jaka, na zo ɗaukar hoton fasfo na wasu 'yan ƙungiya. Sai ga wani dogon mutum da fartanya sabuwa a kafaɗa ya yi sallama. Ya ce sunansa Nomau, manomi ne daga Bahindi.

Ya ce, "An ce nan za ni ga mai shafin cigiya. Wata saniya ta shigo mani gonar rani, ja da fari, ƙaho guda karye. Na duba na gan ta, na kira mai ita, ya ce gobe shina zuwa da mota. To ni na ji maganganun da aka yi ta yi, shi ya sa na ce bari in zo in ji da kunnena."

Ardo ya miƙe. Ya ce, "Da wa ka yi magana? Saniyar yayata ta, kuma lambata anka sa. Ba wanda ya kira ni."

Nomau ya ciro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya buɗe shafin. Ga Saige, ga karyayyen ƙaho, ga lamba a ƙasa. Ardo ya sa aka karanta masa ya ce ba tasa ba ce. Na zaro laftof na buɗe wannan sanarwar, ga lambar Ardo daidai. Muka ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Shafi ɗaya, saniya ɗaya, lamba biyu.

Nomau ya dube ni ya ce, "Malam, wacce ka ƙarya, wayata ko akwatinka?"

Na ƙura wa wayar da laftof ɗin ido. Sai idona ya kai kan ɗan baƙin layin da ke saman nawa gilashin, wanda yake nuna na shiga a matsayin mai kula da shafi. A wayar Nomau babu shi. Wata biyar ina duba shafin nan, kuma kullum daga ciki nake dubawa, da kalmar sirrina. Ban taɓa buɗe shi yadda baƙo yake buɗewa ba. Na fita daga matsayin mai kula, na sake buɗe shafin. A kan idon kowa lambar Ardo ta fito, ta yi ƙyaftawa ɗaya, ta koma lambar da ke wayar Nomau. Na gangara ƙasa, duk sanarwar da ke shafin lamba ɗaya ce a kanta.

Nan kan tabarmar, shanu na kuka, dillalai na ihu, na buɗe cikin shafin ina bi layi-layi. Na same shi a wata tsohuwar cigiyar jaki, hoton dishi-dishi, wadda ba wanda ya taɓa kulawa da ita. A akwatin alamomin dabba an rubuta "jaki fari mai gajeren bindi", sai fili mai tsawo, sai sikirif, layi uku kacal. Abin da yake cewa shi ne: in mai kula da shafi ne ya buɗe, ka yi lamo, in wani ne, ka mayar da duk lambobin su koma ta ɓarawon. Akwatin da ban gwada ba ke nan. Abin da ya fi wannan muni, mai fulagin ɗin ya gano ɓarakar tuni ya fitar da gyara, saƙon gyaran yana nan yana jirana. Na ƙi sabuntawa ne don wani karo da na sabunta Faransancin ya rikice, na ce sai na sami sarari. Sararin bai zo ba.

Na gaya wa Ardo duka, ban rage ba. Ya ce, "Goge shi yanzu-yanzu."

Nomau ya ce, "A'a, Ardo, a bar shi ya kwana. In ya ga an taɓa ba ya zuwa. Ni ko ina son in ga huskar wanda za ya ba ni tukuici."

Aka sanar da 'yan banga da 'yan sanda. Na roƙi Ardo a aika wa Jibo ya zo. Washegari da hantsi muna Bahindi. Goggo Dije ta ƙi zama a gida, a bayan babur ɗin Ardo ta zo, ta riƙe shi da hannu ɗaya tana yi masa faɗan gudu. Aka ɓoye ta bayan rumbu tare da mu. Saige tana ɗaure a turke tsakar gida tana tuƙa.

Can sai ga a-kori-kura. Mutum biyu suka sauko, na gaban da malafa sabuwa fil da sandar da ko ƙasa ba ta taɓa sha ba. Ya yi gaisuwa da 'yar Fulatancin da ya haddace, ya nuna saniya ya ce tasa ce, har da hamdala.

Nomau ya ce, "Madalla. To kira ta mu gani."

Mutumin ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Ke! Ke, taho!" Ya tafa hannu, ya yi fito. Saige ta dube shi, ta ci gaba da tuƙa.

Ba mu shirya da Goggo ta yi magana ba, an ce ta jira 'yan banga su fito. Ina! Daga bayan rumbun ta saki wata siririyar murya mai tsawo ta kira sunan. Saniyar ta ɗaga kai, ta yi wani kuka, ta fizge turken gaba ɗaya, ta bi ta kan mai malafa tana jan igiya da turke har bayan rumbu. Kafin ya tashi daga ƙasa an riƙe shi, na biyun ya ruga mota ya tarar an zare makulli. Goggo kuwa ko kallonsu ba ta yi ba, ta rungume wuyan saniyarta tana yi mata faɗa da Fulatanci kamar 'yar da ta yi dare a talla.

Daga bakinsu aka ji sauran. Wani mai gyaran waya ne a ƙetare ya kwafo sikirif ɗin daga intanet ya gyara shi, su kuma suna zuwa ɗauka. An samo wasu dabbobin. Wasu an riga an sayar an yanka, ba su dawo ba, kuma masu su har yau in mun haɗu gaisuwarmu gajera ce. Ba na ganin laifinsu.

A taron ƙungiya na gaba na tashi gaban kowa na ce Jibo bai taɓa lamba ko ɗaya ba, ni na bar akwati ban gwada ba, ni na ƙi sabuntawa, kuma ni na ce shafi lafiya yake alhali ban duba shi ta inda ya kamata ba. Ardo ya ɗauko hatimin ya miƙa masa da hannu biyu. Jibo ya juya shi a tafinsa, ya dube ni ya ce, "Malam Haliru, wata biyar ban ci kasuwa ba saboda jaki. Jakin ma babu shi." Wurin ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce, "Gobe ina zuwa shago. Duk abin da za ka gyara, a gabana."

Kwana huɗu muka yi, yana zaune nan inda kuke. Na goge cigiyar jakin, na bi sauran sanarwa ɗaya-ɗaya in ga ko an dasa wani. Na sabunta fulagin ɗin, amma a kwafin gwaji tukuna, Faransancin ya rikice kamar yadda na ji tsoro, gyaransa bai ci awa guda ba. Na gwada kowane akwati da hannuna, har wanda ake rubuta sunan gari. Na sa wa shafin doka cewa burauza kada ta bi wani umarni sai wanda ya fito daga fayilolinmu. Muka canza kalmomin sirri, muka raba: Jibo da tasa, ni da tawa, kowa in ya taɓa abu sunansa ya fito. Sabuwar cigiya kuma ba ta hawa sai Jibo ya kira lambar ya ji muryar mai ita. Nomau na roƙa ya sayar mini da wayarsa mai fasasshen gilashi, ga ta nan a aljihuna. Ba a taɓa shiga da kalmar sirri a cikinta ba. Kowace Juma'a da safe da ita nake zagaya duk shafukan da ke hannuna, in gan su yadda mutumin Bahindi yake ganinsu. In za ku koyi aiki a nan, kowannenku sai ya nemi irinta.

A rana ta huɗu Jibo ya ce a ƙara maɓalli, in an sami dabba a danna, sanarwar ta koma kore a rubuta "An gani". Muna gamawa sai ga Goggo Dije a bakin ƙofa da ƙwaryar nono a kai, ba ta taɓa shigowa shagon ba. Ta sauke, ta ce ta ji an ce Saige tana nan cikin akwati har yanzu ana cigiyarta, a fitar da ita. Jibo ya ja mata kujera ya ce ita za ta fara danna maɓallin. Na kama yatsanta na ɗora, ta danna da ƙarfi har teburin ya motsa. Sanarwar ta koma kore. Jibo ya fassara mata abin da aka rubuta.

Ta gyaɗa kai. Sai ta matso da fuskarta dab da gilashin, ta ƙura wa hoton ido, ta ɓata rai.

Ta ce, "Wa ya ɗauki wanga hoto?"

Na ce, "Ardo ne, Goggo, da wayarsa."

Ta ce, "Na sani, ba ya da ido tun shina ƙarami. Duk duniya na kallo, har mutanen Benin, ya rasa ta inda za ya ɗauke ta sai ta wajen karyayyen ƙaho? Tashi, ɗana. Ɗauko abin hotonka."

Na ce ai an riga an gan ta, hoton ya gama aikinsa. Ta ce ita ba ta gama ba. Haka na rufe shago da rana tsaka, na goya ta a babur har ruga. Ta wanke saniyar, ta shafa mata mai a ƙahon, ta sa na tsuguna cikin kashin shanu ina ɗauka tana cewa a sake, har sau bakwai.

Ku buɗe shafin a wayoyinku yanzu, ku gangara wajen kore. Ta farko ita ce Saige. Ta gefen dama na ɗauke ta.